Ashirin da Shida, Sha Tara

A ɗakin gwajinmu na hanyar Batagarawa
na'urar na zaune kan benci,
faranti biyu a naɗe da baƙin salatif,
tana dakon baƙin da ke saukowa daga sama.
Ba sa sallama.
Su huda kwano, su huda silin, su bi ta kafaɗata,
su bar ɗan ƙyalli, allo ya ce: ɗaya.

Ran Litinin mun bar ta a buɗe rabin awa:
ashirin da shida.
Ran Talata mun jera mata tubalin dalma a ka:
sha tara.
Daga nan aka ɗauke wuta,
janareta kuma tun watan jiya yake azumi.

Lurwanu ya daki tebur: Bakwai!
Dalma ta tare su, Barira, ɗauko biro,
Juma'ar da za ta yi kyau
ai tun Laraba ake gane ta.

Na ce masa Laraba ta sha yi mini ƙarya.

Kakata Tasalla ta tsufa tana awon gero a 'Yar Kutungu.
In an sauke mata buhu biyu
takan zura hannu, ta baza a tafi, ta hura,
ta ga ƙwaro uku a wannan, ɗaya a wancan,
ba ta cewa uffan.
Ta sake zurawa ta gindi, ta ciki, ta bakin ɗinki,
mai kaya na tsaki, tana yi,
don ta san damƙa ɗaya 'yar caca ce,
ba shaidar buhu ba.

Na ja wa Lurwanu lissafin a bayan takardar biredi.
Ashirin da shidan nan na rawa da biyar,
gobe ka same ta ashirin da ɗaya ba wanda ya taɓa ta.
Sha taran ma rawarta huɗu da ɗoriya.
Haɗa rawar biyu, ta kusa bakwai,
ga bakwai ɗinka tsamo-tsamo a cikinta
kamar allura a randa.

Ya yi shiru, yana murza biro.
To dalmar ba ta yi komai ba ke nan?
Na ce ban faɗa ba.
Wataƙila ta yi. Zuciyata ma na can wajenka.
Amma zuciya ba ta cikin kayan awo.

Aka kira la'asar daga masallacin bakin ƙofa.
A littafin na rubuta kwanan wata,
na rubuta lambobin biyu da rawarsu,
a ƙasa na sa: ba mu sani ba tukuna.
Rubutun ya fi dalmar nauyi a hannuna.

Muka yi karo-karo, ni dubu uku, shi biyu da canji,
ya tafi Ƙofar Ƙaura neman fetur a galan.
Ni na zauna gadin allon da ya mutu,
ina jin baƙin na ta wucewa ta cikina
ba mai ƙirga su.