Hoton da Tanimu Ya Aiko

Tanimu ya aiko hoto daga Italiya,
yana tsaye bakin teku, hannu a aljihu,
bayansa wata hasumiya mai tsagaggen wuya
da ta tsufa tana haska wa jiragen ruwa hanya.
Wai sai ka yanki tikiti, ka bi layi,
kafin a bar ka ka shafa bangon.
Na ce, ikon Allah, ashe kango ma yakan yi suna.

Ya ce, Yaya, da ka ga lungunan dutsen nan,
ko jaki sai ya karkace kafin ya wuce.
Gidaje sun hau kan juna kamar kwanukan jere,
masunta na ɗinkin koma a gindin coci,
wata mai 'yar tuta na gaba, baƙi na biye
kamar 'yan tsaki, tana karanto musu
wane sarki ya rushe, wane ya gina.

Daren nan juyi na yi ta yi.
Ba ƙyashi ba ne, Allah na gani.
Da na sallame asuba na tashi jikata Barira,
na kira Ilu mai keke, muka yi jinga har la'asar.
Na ce, sa takalminki mai igiya,
yau mu ne baƙi a Kaduna.

Muka fara da tsohuwar tashar jirgi.
Nan babana ya sauka daga Ƙauran Namoda
da tabarma da buta da sule uku.
Akuya ce ta tarbe mu a inuwar tarago,
tana tuƙa, ko kallo ba mu ishe ta ba.
Na nuna wa Barira dogon da ya yi kudu,
ta ce, Kaka, ai ciyawa ta cinye shi.
Ilu ya yi dariya, ya ce a shuka masara kawai,
tunda ya zama gona.

Kakuri.
Shekara goma sha tara na yi a bayan katangar nan.
In jiniya ta yi kuka, kekuna kamar fari,
auduga a gashin ido, auduga a maƙogwaro,
atamfar da muka buga har Kamaru ana ɗaurawa.
Yanzu bedi ya leƙo ta tagar ofishin biya.
Mai gadi ya ce, Baba, wa kake nema?
Na ce, kallo muka zo. Ya dube ni sama da ƙasa.
Barira ta ja rigata:
to wannan wane sarki ne ya rushe?
Na buɗe baki, na rasa magana.

Sai bakin kogi, gun gadar ƙarfen
da aka kwanto tun daga Zungeru.
Babu mai tuta, babu layi.
Masu ɗiban yashi na nitso da bokiti,
kwalekwalensu ya yi nauyi har ruwa na lasar baki.
Ta ce, ina kadojin da aka sa wa garin sunansu?
Na ce, sun yi ƙaura, kamar Tanimu.
Muka sayi rake, muka zauna.

Ilu ne ya ɗauke mu, ɗan yatsansa ya rufe rabin gada.
Haka na tura, ban gyara ba.
Na rubuta: namu ke nan, kyauta ake shiga.

Bayan isha'i muryarsa ta shigo,
ina jin iskar teku tana kaɗa maganar.
Bai ce komai kan gadar ba.
Ya yi shiru, ya yi gyaran murya, ya ce,
Yaya, Tasalla mai ƙosan ƙofar masaƙa,
wadda ke ƙara mana biyu in ba mu da canji,
tana nan kuwa?

Ta rasu bara da azumi.
Har yanzu ban amsa ba.
Wayar na gefen filo, a nan ta kwana.