Laƙubban da Eliseo Ya Bari

Ran da Eliseo ya ajiye aiki
bai bar mini wasiyya ba,
sai kofin shayi mai tsagaggen baki
da fayil guda, can ƙuryar kwamfuta,
sunansa ya fara da ɗigo
don kada idon mai wucewa ya faɗa kansa.

Maɗaba'armu tana kan tudu a Valparaíso,
inda matakala ke cin gwiwar tsoho.
Kullum sha ɗayan dare
mukan tura shafukan gobe
zuwa sabobin nesa, kudu da arewa,
kowace da adireshi tsawon igiyar guga,
da sunan shiga, da kalmar sirri
wadda ko mai ita sai ya leƙa takarda.

Shi bai taɓa leƙawa ba.
Suna ya raɗa musu, kamar mai kiwon awaki.

Ta Antofagasta, Kurma:
sai ka yi sallama uku kafin ta amsa.
Ta Temuco, Marowaciya:
fayil ya ɗan yi ƙiba, ta turo ƙofa.
Ta Punta Arenas, Sanyi. Wannan ba sai an tambaya ba.
Ka buga kalma ɗaya, ka danna,
kilomita dubu biyu su naɗe kamar tabarma.

Wata rana yana ɓare lemo ya ce mini:
"Maritza, fayil ɗin nan ɗaurin makullai ne.
Tsirara kalmomin suke a ciki, ko ɗan tofi babu.
Ki ɗaure shi da shida da sifili biyu,
ke kaɗai ki karanta, ke kaɗai ki rubuta.
Wanda ya kwana da makulli a jikin ƙofa
kada ya tashi yana zagin ɓarawo."
Na yi dariya.
Ya ci gaba da ɓare lemonsa.

Jiya shugaba ta ce in yi shara,
in sauya kalmomin sirri tunda mai su ya tafi,
in cire duk sabar da ta mutu.
Na bi su layi-layi.
Kurma ta karɓi sabon makulli bayan dogon nazari,
Marowaciya ta yi ƙorafin tsawonsa,
Sanyi ba ta ce uffan ba.

Sai layi na arba'in da ɗaya:
Delfina.

Adireshin wani gari ne a tsibirin Chiloé.
Kalmar sirrin kuwa, kwanan wata ne kawai,
irin wadda ya hana ni sakawa
har yana buga tebur.

Na tambayi Aurelio mai injin yanka takarda.
Ya goge hannu a wando, ya ce:
ita ce ke karɓar shafuka a wancan ɓangaren.
In sun isa, takan ajiye ɗan fayil a sabar,
kalma biyu: sun iso.
Wani lokacin ta ƙara: ana ruwa.
Shekara tara suna haka,
ko muryar juna ba su sani ba.
Daga baya aka rufe shagon,
aka sayar da injinan a kilo.

Na buɗe tarihin umarnin da ya bari.
Kurma, Marowaciya, Sanyi, Delfina.
Kurma, Marowaciya, Sanyi, Delfina.
Kowane dare, har daren ƙarshe,
shekara shida bayan an cire wa sabar wuta.

Ni ma na buga sunan.
Ɗan tsinken haske ya yi ta ƙiftawa a baƙin allo,
jirgin ruwa ya yi kuka daga tasha,
na ƙirga daƙiƙa talatin
kafin kwamfuta ta ce lokaci ya ƙure.

Aiki aiki ne, na goge kwanan watan.
Sunan kuwa, na kafa masa alamar tsani a gaba,
wadda ke ce wa inji: tsallake, wannan ba naka ba ne.
Na rubuta wa shugaba cewa an share.
Na wanke kofin.
Gobe da shi zan sha shayi,
ta gefen da bai tsage ba.