Motar Kwamiti

Rediyon kawuna sai an mare ta take magana.
Ran nan ta ce majalisa ta ware kuɗi,
ta danƙa wa kwamitin tsofaffin sojoji
su zaga ƙasa, su ga wa ya rage.
Adadin bai zauna a kaina ba,
sifili reras, kamar ƙwan zabi a gindin kargo.

Kawu Tanimu saje ne a da.
Yau janbaki yake kora a gonar shinkafa.
A cinyarsa ta hagu akwai ƙarfen Laberiya,
shi ke gaya mana ruwa na tafe
tun gabas ba ta ɓata rai ba.
Wata goma sha bakwai, fansho shiru.
Ya ce, "Iliya, ciro min jakar nan."

Leda cikin leda cikin leda:
takardar sallama, lambar yabo mai tsatsa,
hoton samari biyar da bindigogi.
Uku sun kwanta dama,
ɗaya ya makance a Gumel.
Inna Tabawa ta wanke kakin da sabulun salo,
wando ya yi yawa, aka ɗaure da rama.

Laraba aka ce za su sauka Jahun.
Talata ruwa ya kwana yana dukan rufi.
Da asuba muka kama hanya a ƙafa,
shi a gaba, yana jan ta hagun.

A kwarin da ke kafin kwalta
sai ga baƙaƙen motoci uku,
ta gaban ta zauna cikin laka har ciki.
Masu babbar riga sun hau tudu,
takalmi a hannu, waya a sama,
direba na ba ta wuta, tana ƙara nitsewa.

Kawu ya miƙo min jakar.
Wata murya ta fito daga ƙirjinsa
wadda ko Inna ba ta san da ita ba:
"Kai, kawo kara! Ku, duwatsu!
Saura ku jeru a baya!
Ɗaya! Biyu! Tura!"
Mota ta yi gurnani, ta fizge,
ta yi masa wanka tun daga hula.
Kaki ya ɓace, sai taɓo.

Gilashi ya sauka kamar faɗin yatsa uku.
"Sannu, Baba." Dubu ɗaya ta leƙo.
"Sauri muke, 'yan mazan jiya na jiranmu."

La'asar sakaliya muka isa sakatariya.
An kife kujerun roba,
akuya na lasar robar abinci.
Na bi takardar bango da yatsa,
lamba tamanin da shida:
Tanimu Barau, saje. Bai halarta ba.

Na karanta masa sau biyu.
Ya kankare busasshiyar laka daga aljihu,
ya sayi batir, ya sayi goron Inna,
canjin bai kai kuɗin mota ba.

Da dare rediyo ta yi magana ba mari:
kwamiti ya kammala rangadi lafiya,
yana neman ƙarin kuɗi
don hanyoyin karkara sun lalata motoci.

Ni na tashi zan yi zagi.
Kawu ya ce, "Ai gaskiya suka faɗa,
hanyar ba kyau."
Ya shafa cinyarsa, ya ɗan saurara.
"Iliya, kwashe shanyar nan.
Wani ruwan na tafe."