Kalmar da Na Tsallake

Shekara goma sha tara ina buga wa Farfesa Rebaz rubutu,
hawa na uku, jami'a, Tibilisi,
ɗakin da tagarsa ba ta rufuwa sai an tokare ta da ƙamus.
Rubutun hannunsa kamar kyankyaso ya faɗa tawada ya fito a gigice.
Ni kaɗai ke iya karanta shi,
don haka ni nake fara jin yadda ƙasashe ke zama da juna a duniya.

Ya ce babu alƙali a saman ƙasashe,
babu ɗan sandan da za a kira da tsakar dare,
kowa tasa ta fisshe shi.
Maƙwabci ya sayi kwado, kai ka sayi biyu,
ya ga biyunka, ya sayo gatari,
a wayi gari unguwa ta cika da ƙarfe,
kowa yana rantsuwa shi ba ya son komai sai zaman lafiya.

Sau huɗu na buga wannan babin, don yana yawan sauya wa waƙafi wuri.

Dakta Manana, can ƙarshen baranda, ba ta yarda ba.
Ta ce gaba ma koyon ta ake yi kamar yare,
abin da aka koya kuwa ana iya mantawa.
Shekara goma ba su gaisa ba sai a gindin shafi,
cikin ƙananan haruffa,
inda kowa ke kiran sunan ɗan'uwansa don ya nuna inda ya kauce.
Butar shayi dai ɗaya ce a sashen.
In kai ta nan, in kai ta can,
ni Tsiyala, ba digiri, ba fasfo, na zama jakadiya.

Littafin ya fito, kwafi ɗari shida.
Ɗalibai suka haddace shi don jarrabawa,
suka girma, suka sa kwat, suka shiga ma'aikatar harkokin waje.
Wani dare ina yankan albasa, sai ga Gocha a talabijin,
yaron da ke gyangyaɗi a bencin baya,
yana karanto shafi na tamanin da bakwai, yana buga tebur:
ƙaramar ƙasa ba ta da zaɓi.
Na ajiye wuƙar.
Farfesa “wataƙila” ya fara rubutawa a gaban jimlar.
Ranar ina fama da mura, yatsana ya tsallake ta,
ba wanda ya lura, ni ma na yi shiru don kunya.

Ba na cewa ni na jawo komai.
Tururuwa ba ta tura dutse.
Amma yayana Shalba yana da gonar tuffa a ƙauyenmu,
ya kwanta da bishiya arba'in,
ya tashi, sha ɗaya sun koma wata ƙasar.
Yana ganin su suna nuna, suna faɗuwa, suna ruɓewa,
taku biyar tsakaninsu, da waya.

Bara na kai wa Farfesa tuffa daga waɗanda suka rage.
Ya tsufa, hannunsa na rawa, bargo a gwiwa.
Na ce, cikin ku biyu wa ya hango wannan?
Ya daɗe yana juya tuffar.
Ya ce, ni na san za a kafa shingen,
Manana ta san waɗanda suka kafa shi ba da shi aka haife su ba,
babu ɗayanmu da ya taɓa tambayar bishiya nawa ne.

Sai na faɗa masa zancen kalmar.
Na zaci zai yi faɗa.
Ya sa na ɗauko kwafinsa daga saman kanta,
ya lashi bakin fensir,
ya rubuta ta a gefen shafin, a karkace, da wannan rubutun nasa.
Saura ɗari biyar da casa'in da tara, in ji shi,
ya gatsa tuffar da haƙoran da suka saura, yana dariya.