Lissafin Dutsen Guga

A Agege, bayan layin dogo,
inda jirgi ke girgiza kwanon rumfarmu,
Haladu ya shigo da dutsen guga a hammata
kamar mai kai yaro asibiti.

"Da safe zafi ya yi ta zuba kamar garwashi,
da yamma ko kwalar riga ba ya kwantarwa.
Na jona a janareto,
janareto ya yi tari biyu ya mutu.
Ko dai an sa mini hannu ne?"

Oga Mufutau bai ɗago ba,
kansa na cikin wata tsohuwar fanka.
"Ilu, ɗauko mita. Yau kai ne likita."

Na cusa ja da baƙi a bakin soket:
bolt ɗari biyu da ashirin.
Wannan shi ne turi,
hannun da ke ingiza wuta ta baya.
Na maƙala mita a wuyan waya:
amfiya biyar ke gudu a ciki,
yadda ruwan Yuni ke bin kwata.

A bayan kwalin sabulu na zauna da guntun fensir.
Raba turi da gudu, turjiya ta fito:
biyar cikin ɗari biyu da ashirin,
arba'in da huɗu, om ake ce musu.
Ninka turi da gudu, ƙarfi ya bayyana:
wat dubu da ɗari, ba ragi.

"Janareton naka nawa yake ɗauka?"
"Ɗari shida da hamsin,
in ji wanda ya sayar mini a Alaba."
Haba Haladu!
Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi
sannan ka ce maƙiya.

Bai yarda ba tukuna. Ya zauna a benci,
ya ce sai ya ga na yamma da idonsa.

Magariba ta yi, unguwa ta kunna komai nata,
ƙwan rumfa ya yi ja kamar goro a baki.
Na sake aunawa: ɗari da goma.
Turjiya tana nan inda na bar ta,
ba ta san safe ba, ba ta san yamma ba,
sai gudu ya faɗo biyu da rabi.
Na ninka, na goge, na sake ninkawa,
ɗari biyu da saba'in da biyar.
Na zaci rabi zan gani.
Ashe in turi ya rabu biyu
kashi ɗaya cikin huɗu ke saura na zafi.

Oga ya yi dariya cikin fanka:
"Kada ka zagi turjiya, yaro.
Ita ke haifar zafin da ke guge riga.
Wayar da ba ta ce a'a
ita ke cinye gida."

Da dare na kwanta a kan tebur ɗin aiki,
ina jin ihun kwandasta, ina tuna kuɗin haya,
garin nan yana turi, ni ina turjewa,
ban da mitar da zan auna mu.

Haladu dai ya naɗe wayarsa,
ya karɓi kwalin sabulu ya sa a aljihu.
Ya ce zai nemi gawayi saboda yamma,
rigata kuma in kawo da sassafe,
kafin wuta ta rabu biyu.