Kafar Allura

Shekara talatin da shida ina zaune a Kasuwar Dole,
rumfa ta uku bayan masu goro,
ina huda jar fatar akuya,
ina zura zare ko dubawa ba na yi.
Yatsuna sun san hanya kamar jakin mai ruwa.

Sai bana, tun cikin bazara,
kafar allura ta fara yi mini wasan ɓuya.
In kawo ta kusa, ta narke.
In miƙa hannu har kafaɗa ta yi ƙara,
ta leƙo, ta koma.
Na ce wa Habsu fitilar gidan nan ta tsufa.
Ta ce, "Fitila kuma? Da rana tsaka?"

Na sa tozali.
Na ɗiga ruwan da Ɗanladi ya ba ni a kwalbar turare,
wai shi ya warkar da kawunsa a Mirriya.
Na kwana kamar an daka barkono a idona.
Na sayi tabarau a faifan wani yaro, dala ɗari,
ƙasa ta yi tudu inda babu tudu,
na tsallake rami a ƙofar masallaci
inda mutane ke tafiya lafiya lau.

Ranar da wani Buzu ya dawo mini da alabensa,
ya ce ɗinkin ya yi sawun maciji,
ban ce uffan ba.
Na rufe rumfa tun kafin la'asar.

Zabairu, jikana, shi ya goya ni a kabu-kabu.
Mun tarar da layi har gindin bedi:
mata daga Matamaye da goyonsu,
wani tsoho daga Tanut, yana ta rufe masa ido biyu,
ɗiyarsa riƙe da bakin sandarsa,
da ni, ina ɓoye tabaran faifai a aljihu.

Malama Barira ta zaunar da ni.
A bango akwai wani harafi mai ƙafa uku,
babba a sama, 'ya'yansa a ƙasa suna ta ƙanƙancewa.
Ta ce, "Baba, ina ƙafafunsa suka nufa?"
Na nuna gabas, na nuna sama, na ci duka.
Sai ta miƙo mini takarda a hannu. Nan na faɗi.

Ta ɗora mini wani ƙarfe a karan hanci,
tana sa gilashi, tana cirewa.
"Wannan, ko wannan?"
"Wannan, ko na ɗazu?"
Can sai na ga zanen tafin hannuna,
da tabon da basilla ta yi mini ina yaro.

Ta haska ciki, ta auna, ta ce,
"Shekaru ne kawai, Baba.
Amma akwai ɓarawon da ke shiga ba ciwo ba ƙaiƙayi,
yana ci daga gefe sai ya iso tsakiya.
Bai zo maka ba. Baɗi ka dawo mu sake dubawa.
Kwalbar nan kuwa, ka ba shara."

A bakin ƙofa Zabairu ya karanta mini sanarwa:
damina ta sauka, apolo na yawo a unguwanni,
kowa da tsummansa, a wanke hannu da sabulu.
A kawo yara kafin a koma lakwal.
Masu yana su rubuta suna, bayan kaka za a yi aiki.
Na juya ina neman tsohon Tanut in gaya masa,
ashe ɗiyarsa ta riga ni, tana can gaban tebur.

Kwana tara gilashina ya iso.
Na sa, Habsu ta sunkuyo da ƙwaryar fura.
Na ce, "Yaushe kika yi furfura haka?"
Ta ce, "Tun kana zargin fitila."

Da safe na buɗe rumfa,
na ɗauko duk abin da na ɗinka tun bazara,
takalma huɗu, gidan wuƙa, alabe bakwai,
na zauna ina farkewa ɗaya bayan ɗaya.
Mai goro ya ce asara ce.
Na tsotsi bakin zare, na ɗaga allura,
ya wuce.