Mai Nuna Gida

A Aboabo, in baƙo ya sauka daga trotro
yana cigiyar gidan wane,
yaron bakin kwata ne ke miƙa hannu:
"Wuce mai koko, ƙofa shuɗiya."
Ba wanda ke tambayar yaron ɗan waye.

Haka wayarki take, Inna Lantana.
Duk sunan da kika taɓa, sai ta yi tambaya,
wani can ya nuna mata gida.
Ran Talata aka nuna miki ƙofa mai fentin banki,
kika shiga da sallama,
sidi ɗari takwas, kuɗin goro, suka fita ba sallama.

Yau ina kan bencinki, ruwa na dukan kwano.
Na buɗe saiti, na gangara inda aka rubuta DNS,
na sallami na da, na sa sunan wani
mai riƙe da littafin gidajen ɓarayi.
In aka tambaye shi can, sai ya ce bai san unguwar ba.
Ƙarya mai lada.

Kwamfutar Sumaila ta fi gardama,
lambobi take so, da ɗigo a tsakani.
Sau biyu yatsana ya zame, ta yi gum.

Kika ce, "Shi ke nan, na tsira?"
A'a, Inna. Wannan ba ya jin muryar da za ta kira ki
da zaƙin baki, tana neman lambar sirri.
Waccan ƙofar, harshenki ne sakatarta.

Kika ƙulle wayar a haɓar zane,
kika ba ni goro biyu,
ɗaya da tsutsa.